Kwalbar da Ke Cikin Firiza

Ɓera ne ya haɗa su, kuma ba ma lafiyayyen ɓera ba.

Ranar da ta fara aiki a lab, wato ɗakin gwaje-gwajen binciken jijiyoyi, aka miƙa mata wani farin ɓera mai jan ƙafar baya, aka ce ta tsoma tafin ƙafafunsa a tawada ta sake shi a kan doguwar farar takarda. Ɓeran ya suɓuce mata, ya bi ta kan hannunta, ya dira ƙasa, ya ratsa ɗakin yana ɗiga shuɗi a kan tayil. A bakin ƙofa ya ci karo da takalmin wani dogon saurayi mai ɗauke da akwatin ƙanƙara. Saurayin ya ajiye akwatin, ya durƙusa ya ɗauke shi a hankali, ya miƙa mata.

"Naki ne?"

"Yau na fara aiki," ta ce, kunya ta lulluɓe ta.

"Na gani. Ga shi nan ya rubuta a ƙasa."

Ba ta yi niyyar dariya ba, amma ta yi. Shi kuwa takunkumi ya rufe masa baki da hanci, girarsa kawai ta gani ta ɗaga.

A lab ɗin ana kiransa Ƙanƙara, saboda kullum yana gindin firiza, ga shi magana sai ta kama dole. Ita ma kafin sati ya zagayo ta samu nata sunan, Tawada, don ko safar hannu nawa ta saka sai shuɗin ya nemo wuyan hannunta. A gida kuwa Auta ce.

Aikinsa shi ne kiwon ƙwayoyin halitta a cikin faffaɗan kwalabe. Ya kwashe ruwan da suke zaune a ciki, ya zuba a injin da ke juyawa har ɗakin ya ɗauki rugugi, ya tace, ya sake tacewa, sai abin da ya rage a gindin kwalba ido ma ba ya ganinsa. Wannan shi ne eksozom, wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ƙwayoyin halitta ke aika wa juna saƙo a ciki. Abin da lab ɗin ke son sani shi ne ko za su taimaka wa jijiyar da ta ji rauni ta sake tofowa. Rabin ɓerayen ana yi musu allurar eksozom, rabi ruwan gishiri kawai. Ƙanƙara ne mai allurar.

Tawada kuma ita ce mai auna sawu. Ɓeran da jijiyarsa ta mutu, yatsunsa a dunƙule suke fitowa a takarda. Idan ta fara farfaɗowa sai yatsun su soma buɗewa. Farfesa, matar da ke shugabantar lab ɗin, ta kafa doka mai tsauri: mai auna sawu ba za ta taɓa sanin wane ɓera ya samu me ba sai an gama, don kada zuciya ta ja hannu wajen awo.

Da farko yakan shigo ɗakin ɓerayen da dalilai marasa kan gado. Yau ya manta biro, gobe ya zo duba ko fanka na aiki. Wata rana ta ɗaga wani ɓera da yatsunsa suka buɗe tas, ta juyo da murna tana nuna masa. Ya dube ta, ya dubi ɓeran, ya fita. Daga ranar bai sake taka ɗakin ba.

Ta jira, ta yi fushi, ta huce, ta sake yin fushi. Daga ƙarshe ta rubuta masa:

"Idan laifi na yi maka ka faɗa mini. Ko gaisuwa yanzu sai ta bayan gilashi."

"Ba ki yi komai ba, Tawada. Ranar da kika nuna mini ɓeran nan girata ta motsa, na ji tsoron kin karanta wani abu. Na gaya wa Farfesa, an cire shi daga cikin gwajin. Ina iya ɓoye wa kowa fuskata, ke ce na kasa. Shi ya sa na daina shigowa."

"To a waje fa? A waje babu ɓera."

"A waje kuma wani asirin daban fuskar tawa za ta tona."

"Bar ta ta tona."

Haka abin ya fara. Bayan an tashi aiki sukan taka tare zuwa tashar mota, ta gefen wani dogon bango mai ɓarewar fenti. Ba sa taɓa zancen ɓera. Yana ce mata Tawadata, tana ce masa Ƙanƙarata, kuma duk wanda ya ji yadda take faɗar sunan ya san babu sauran sanyi a cikinsa.

Sai dai kullum idan motar unguwarsu ta tsaya, yakan ga fara'arta ta ragu. A hanyar nan ta ba shi labarin Baba.

Baba mai yankan gilashi ne, na tagogi da na kantuna. Wata rana babban fallen gilashi ya zame musu wajen saukewa, ya sauka a wuyan hannunsa na dama. An ɗinke, rauni ya warke, amma hannun bai dawo ba. Ya rame, yatsun suka lanƙwashe, ba ya jin zafi ba ya jin sanyi. Shekaru ke nan shagon na hannun ƙaninsa, shi kuma yana zaune a falo, hannun a kan cinya, yana jira.

"Saboda shi na nemi aikin nan," ta ce. "Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Ranar da Ƙanƙara ya je gaishe da iyayenta, Baba ya karɓe shi hannu bibbiyu, idan har za a faɗi haka. Ya sa Mama ta kawo abin sha, ya tambaye shi iyayensa, ya yi ta yi masa barkwanci.

"Auta ta ce kai ne mai haɗa maganin."

"Ba magani ba ne tukuna, Baba. Gwaji muke yi."

"Amma ɓeraye na tafiya."

"Waɗansu na tafiya."

Baba ya ɗago hannun daman da na hagu, ya ajiye shi a kan tebur tsakanin kofuna. "To ga babban ɓera. Ba ya cizo, ba ya gudu. Ka kawo mini kwalba ɗaya, ɗana. Ni ba na neman komai a wurinka bayan wannan."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya ba. Daga jikin ɓera aka samo shi, ba a tsaftace shi don mutum ba. Ba mu san yawan da ya dace ba, ba mu san abin da zai yi a jikinka ba. Zai iya cutar da kai."

"Hannun da ya riga ya mutu za a cutar?"

"Sauran jikin yana raye, Baba."

Baba ya janye hannunsa ya mayar kan cinya. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, mutumin da zai zuba wa ɓera abin da ya hana surukinsa, bai ga yadda zai ba shi 'ya ba. Ya ce wa Mama ta raka baƙo.

Ba a daɗe ba sai ga Mai Kilinik, ɗan aminin Baba, wanda ya daɗe yana zagayen gidan Auta tana share shi. Yana da wani wurin gyaran fata da allurai a saman bene, mai kujerun fata da ƙamshi. Ya zo da kwali mai ƙyalli, ya ce eksozom ne shi ma, daga waje aka kawo, ya ce hannun Baba zai riƙe abin yankan gilashi kafin a ankara. Mutum ne da bai taɓa barin tambaya ta kai ƙasa ba tare da ya ce "ai wannan mai sauƙi ne" ba. Baba ya ji abin da kunnensa ke ƙishirwa, ya ce ga ɗan halak.

Auta ta yi magana, Baba ya ce saurayinta ne ya cika mata kunne. Ta kai ƙara wurin Mama, Mama ta ce, "'Yar nan, rabon da in ga mahaifinki ya yi dariya har na manta. Ki bar shi."

A lab kuma, sawun ɓeraye sai ƙara buɗewa yake. Akwai wani mai yankakken kunne da ta fi so. Kullum ta shimfiɗa takardarsa sai ta ga yatsunsa sun ƙara rabuwa, sai hannun Baba ya faɗo mata a rai. Ta san doka sarai, ita da ke bin ta kullum. Amma sanin doka bai taɓa hana zuciya kwaɗayi ba.

Wata rana da azahar, mutane sun fita cin abinci, ta same shi a gaban firiza.

"Kwalba ɗaya," ta ce.

Ya rufe firizar. "Tawada."

"Ka san abin da ke cikin naka. Na wancan mutumin babu wanda ya san ko mene ne. Idan dole sai an soka wa Baba wani abu, gara naka."

"Kada a soka masa ko ɗaya. Bari in je in sake yi masa magana."

"Ba zai saurare ka ba. To gaya mini abu ɗaya kawai. Mai yankakken kunnen nan, me ka ba shi?"

Ya juya mata baya gaba ɗaya, ya fuskanci bango. Ta san dalili, kuma sanin ya ƙara mata zafi.

"Da mahaifinka ne fa?"

"Da na hana shi, shi ma ya tsane ni."

"Wancan mutumin za a aura mini. Ka sani?"

"Na sani," ya ce. "Ba na barci saboda na sani."

Ta tsaya tana kallon bayansa, firiza na ta gurnani. "Lallai waɗanda suka sa maka suna ba su yi kuskure ba," ta ce, ta fita.

Ta daina jiransa a ƙofa. Yakan bi ta gefen bangon nan shi kaɗai. Da yamma yakan turo saƙo, ta karanta ta kife wayar.

"Tawadata, yau ma na ga kin wuce. Ba zan ce ki yafe mini ba, don ko gobe kika tambaye ni amsar ɗaya ce. Ina sonki ne kawai, ban san inda zan kai shi ba."

Ba ta amsa ba. Ta yi kuka, amma ba ta amsa ba.

Mai Kilinik ya fara yi wa Baba allurai a wuyan hannu, yana zuwa da kansa, yana zama ya sha hira, yana kiran Auta amarya. Baba ya ce yana jin wani ɗumi-ɗumi a hannun. Kowa ya yi murna, ban da ita.

Ranar da aka gama gwajin, Farfesa ta tara su a ƙaramin ɗakin taro, aka bayyana wane ɓera ya samu me. Waɗanda aka yi wa eksozom sun ɗan fi saurin buɗe yatsu, bambanci kaɗan amma na gaske. Farfesa ta ce abin ƙarfafa gwiwa ne, sannan ta ce tsakaninsa da jikin mutum akwai tafiya mai nisa, ta yiwu ma ba a kai ba.

"Mai yankakken kunne fa?" Tawada ta tambaya.

"Ruwan gishiri," in ji Farfesa. "Jijiyar ɓera takan yi ƙoƙarinta ita kaɗai. Wannan ya yi sa'a ne kawai."

Tawada ta sadda kai ƙasa. Ɓeran da ta ɗora wa duk burinta, wanda saboda shi ta nemi saurayinta ya yi sata, ruwan gishiri ya sha. Ta ɗaga ido, karon farko a watanni Ƙanƙara yana kallonta kai tsaye. Babu "ai na gaya miki" a fuskarsa, tausayi ne kawai, kuma shi ya fi komai yi mata ciwo.

A makon ne zazzaɓi ya kwantar da Baba. Da Mama ta naɗe masa hannun riga sai ta ga wurin allurar ya kumbura ya yi baƙi har zuwa gefen tafi. Hannun da ba ya jin zafi bai gaya wa kowa yana ruɓewa ba. Ɗumin da Baba ke murna da shi ciwo ne ke hawa. A asibiti likitoci suka yi aiki, suka ceci hannun, ƙaramin yatsa ya tafi. Wayar Mai Kilinik a kashe, ƙofar benen da kwaɗo.

Daga barandar asibitin ta rubuta masa:

"Ƙanƙarata, Baba na asibiti. Ban cancanci in kira ka ba, amma kai nake so in gani."

"Ina hanya. Kin ci wani abu?"

Ya zo. Baba ya juya fuskarsa bango. Washegari ya dawo, jibi ma haka. Yakan karɓo magani, ya bi layin gwajin jini, ya zauna a kujerar roba a ƙarshen gado.

Wata rana da la'asar Baba ya juyo. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Kai, matso."

Ya matso.

"Auta ta ce gwajinku ya yi kyau."

"Ya ɗan yi, Baba."

"To gaya mini. Idan na haƙura na jira ku, hannun nan zai dawo? Ka ce zai dawo, in ba ka ita yau."

Mama, daga bayan gadon, ta kafe shi da ido tana gyaɗa masa kai a hankali. Auta ta riƙe ƙarfen gado. Kalma biyu ce, kowa ya san su, kuma babu wanda zai zarge shi don ya faɗa wa marar lafiya. Auta kanta ba ta san wacce amsa take roƙon Allah ya bayar ba.

Ƙanƙara ya durƙusa har kansa ya zo daidai da na Baba.

"Ba na jin zai dawo, Baba. An daɗe, naman hannun ya riga ya shanye. Ko aikinmu ya kai ga mutane wata rana, waɗanda za su ji rauni nan gaba zai fi amfana. Ina son Auta fiye da yadda zan iya faɗa. Amma ba zan karɓe ta da wannan maganar ba."

Mama ta rufe fuska da mayafi. Baba ya daɗe yana kallon silin, hawaye na gangarawa cikin kunnensa.

"Fita," ya ce.

Ya fita. Auta ta biyo shi har bakin matakala. Ta kama hannun rigarsa ta riƙe na ɗan lokaci, sannan ta koma ciki.

Aka sallami Baba. Gidan ya yi nauyi kamar an yi rasuwa. Baba ba ya hira, ba ya kunna rediyo, abinci sai an yi da gaske. Auta ta ɗauki hutu. Ƙanƙara ya ci gaba da juya injinsa, ya fara shirin sabon gwaji, ya saba da tunanin cewa ya rasa ta. Saƙonninsu suka koma gajeru: ya jiki, da sauƙi, Allah ya ƙara.

Sai wata safiya wayarsa ta yi ƙara yana tsakiyar wanke kwalabe.

"Baba ya yi aski da hagu yau, shi kaɗai, ya hana kowa taimaka masa. Ya yanke haɓarsa, jini har kan riga. Ya ce ka zo, kuma ka zo da manyanka."

Ya karanta, ya sake karantawa, ya zauna a ƙasa a gaban wurin wanke-wanken da safar hannunsa a jiƙe.

Da suka je, Baba na zaune da filasta a haɓa. Bayan an gaisa ya dubi Ƙanƙara.

"Tun ranar da gilashin nan ya sauka, duk wanda ya shigo gidan nan sai ya ce mini zai dawo. Likita ya faɗa, maƙwabta sun faɗa, matata ta faɗa. Don suna sona ne, na sani. Ni kuma na zauna ina gadin hannu kamar mai jiran baƙo a tasha, ga ɗaya lafiyayye ban ko dube shi ba. Kai kaɗai ka ce mini in tashi, motar ba za ta zo ba. Na ji haushinka ƙwarai. Har yanzu ma da saura."

"Na gode da sauran, Baba."

"Kada ka gode, ban gama ba. 'Yata tana da taurin kai, a wurina ta gado. Tana buƙatar wanda zai iya ce mata a'a yana kuka." Ya juya wajen ƙofar ciki. "Auta, daina laɓewa, ina ganin ƙafarki."

An ɗaura auren ba tare da wani taro mai yawa ba. Farfesa ta zo, ta ce yanzu dole ta raba su gwaji, don mata da miji ba sa iya ɓoye wa juna komai. Mama ta yi kuka ta yi dariya ta sake yin kuka.

Da za a tafi da amarya, ango ya durƙusa gaban Baba ya miƙa hannu. Mutane suka zaci hagu Baba zai bayar. Sai ya tallafo na daman, mai yatsu huɗu da sabon tabo, ya ɗora shi a tafin angon, ya kamo hannun Auta ya ɗora a kai.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai jin ƙai, ya sa aikinku ya kai ga waɗanda zai amfana."

Ya dubi hannuwan uku a haɗe, ya daɗe yana kallo.

"Ba na jin komai a nan," ya ce a hankali. "Amma ina gani kun riƙe."